SDR++ ko GNU Radio: ra'ayina kan manhajojin rediyon kwamfuta na kyauta

Duk wanda ya tambaye ni da wace manhaja zai fara harkar SDR, wato rediyon da manhajar kwamfuta ke sarrafawa, amsa ɗaya nake bashi, ya fara da SDR++ ya ƙyale GNU Radio tukuna, amma fa ba ƙyalewa ta har abada ba don a can ainihin karatun yake. SDR++ sauraro zai koya maka, shi kuma GNU Radio shine zai sa ka gane me ke faruwa a cikin rediyon har ka iya gina naka da hannunka. Da yawa ta baya suke farowa, sun ji ance GNU Radio ne babba sai su afka masa kai tsaye, allo ya cika musu da jan rubutu, su tattara su ce ai abin na manyan injiniyoyi ne, alhali ba haka bane, jerin ne kawai suka juya.

Ga wanda bai san zancen ba bari in ɗan taƙaita. Rediyon gida irin wanda dattawanmu ke rungumewa da asuba suna murɗawa a hankali suna neman BBC, duk aikin a cikin ƙarafa da wayoyin cikinsa ake yi, tace tasha ɗaya daga cikin hayaniya, ciro murya daga sigina, haka aka gina shi tun daga kamfani kuma bazai taɓa yin wani aikin daban ba. Shi kuwa SDR na'urar aikinta ɗaya ne tak, ta karɓi abinda eriya ta tsinto ta mayar dashi lambobi, miliyoyi a kowane sakan, ta zuba wa kwamfuta ta USB, sauran aikin kaf manhaja ce ke yinsa da lissafi. Shi yasa ƙaramin dongul guda, wato 'yar na'ura mai kama da filash da ake cusawa a USB, yau zai zama rediyon FM, gobe ya nuna maka jiragen da ke ratsawa ta saman garinku, jibi ya sauko maka da hoton gajimare daga tauraron ɗan adam, ba abinda ka canza sai manhaja da eriya.

Abin dariyar ma shi dongul ɗin mai arha ba don wannan aka ƙera shi ba, na kallon talabijin ne a kwamfuta, da cip ɗin Realtek mai suna RTL2832U a cikinsa. A 2012 ne wani mai rubuta direbobin Linux ɗan ƙasar Finland, Antti Palosaari, ya nuna cewa ana iya sa cip ɗin ya riƙa turo ɗanyen sigina ba tare da ya sarrafa shi ba, sai mutanen Osmocom musamman Steve Markgraf suka rubuta masa direba suka saki kod ɗin a fili kowa ya ɗauka. Kafin nan mai son wasa da SDR sai ya tanadi ɗaruruwan daloli ya sayi irin su USRP na Matt Ettus, lokaci guda kuɗin shiga ya faɗo ya dawo wajen dala 20. Kaga ba kamfani ne ya buɗe ƙofar ba, masu rubuta manhaja a fili ne suka buɗe, kuma har yau kusan duk abinda ke da daɗi a fannin daga hannun irinsu yake fitowa. Mafi yawan waɗannan dongul ɗin tuna R820T2, wato cip ɗin da ke kamo tasha, ce a cikinsu, suna ji daga wajen megahaz 24 zuwa 1766, suna hango faɗin megahaz 2.4 a lokaci ɗaya ba tare da sun zubar da komai ba, kuma bit 8 ne kacal, ka riƙe wannan bit 8 ɗin don zamu dawo kansa. Na RTL-SDR Blog su aka fi yarda dasu, saidai jabu sun cika kasuwannin intanet har da kwaikwayon launin jiki da rubutu, in kaga farashin ya yi arhar da ta wuce hankali toh ka san sauran.

Kafin kowace manhaja ta yi aiki akwai ƙaramin shinge na direba, kuma wallahi nan ne rabin sabbin shiga ke karaya. A Windows in ka cusa dongul ɗin kwamfutar ɗaukarsa take na talabijin ne, sai ka sauke wata ƙaramar manhaja Zadig ka musanya direban zuwa WinUSB. A jerin na'urorin ka nemi wanda aka rubuta Bulk-In Interface 0, ka duba sau biyu kafin ka danna, don in linzamin kwamfutarka ka zaɓa ko allon rubutu shi zai canza wa direba ya daina aiki. A Linux kuma akwai direban talabijin mai suna dvb_usb_rtl28xxu da ke riga kowa cafke dongul ɗin, sai ka sa shi a jerin waɗanda aka hana tashi sannan ka sake kunna kwamfuta. Wanda ya sayi V4 na RTL-SDR Blog, wanda ya fito a 2023 da tuna R828D, shi kuma sai ya tabbata direbansa sabo ne, da tsohon direba ko dai kaji shiru ko kaga tashoshi a inda ba wurinsu ba.

Toh SDR++ ɗin. Wani matashi ɗan Beljiyam ne Alexandre Rouma ya rubuta shi, kod ɗinsa na GitHub a buɗe, yana tafiya a Windows da Linux da Mac har da Android. Abinda yasa na fifita shi ga mai farawa shine rashin nauyi, tsohuwar laftof ta hannu irin wadda yawancinmu muke da ita tana ɗaukarsa ba tare da fanka ta fara kuka ba, kuma baya buƙatar ka girka wasu tarkace kafin ya tashi, a Windows ka warware zif ɗin ka danna shikenan. Ka ɗauki wanda suke kira nightly don shi ake sabuntawa. Kana buɗewa gefen hagu ka zaɓi RTL-SDR, ka danna alamar kunnawa, sama zakaga layi yana rawa da tsaunuka tsaunuka, ƙasa kuma launuka na gangarowa a hankali, kowace tasha ta zama zare mai haske. Ga wani abu da ba a cika faɗa wa mutane ba, ƙarfin ji wato gen ɗin a sifili yake zuwa, mutum ya kunna yaga allo fayau ba komai yace an sayar masa da gawa, alhali jan maɓallin kawai zaiyi. Ƙarshensa 49.6 ne amma kar ka kai shi can, ka riƙa ja a hankali kana kallon tazarar da ke tsakanin kan tsaunin da ƙasan hayaniyar, inda tazarar ta daina ƙaruwa nan zaka tsaya.

Ranar farko ka je tsakanin megahaz 88 da 108 ka zaɓi WFM, wato FM na tashoshin rediyo, tashoshin garinku zasu jeru a gabanka kana ganinsu da ido, har kana iya gane wadda mai gabatarwa yayi shiru don zaren nata sai ya tsuke ya koma siriri, da ya ci gaba da magana ya sake bajewa. A wurin da aka rubuta de-emphasis ka sa 50, shine na ɓangarenmu da Turai, 75 na Amurka ne. Kana iya buɗe rediyo biyu ko uku a cikin faɗin nan na 2.4 kana ji ɗaya kana naɗar ɗaya. A wayar Android ma yana yi da kebul ɗin OTG, saidai dongul ɗin na zuƙar batir ba wasa kuma yana zafi, a watan Afrilu in ka taɓa shi sai ka janye hannu. Masu arhar nan marasa kiristal mai kyau in sun yi zafi sai firikwensin ya fara zamewa, a FM bazaka lura ba amma a siririn sigina zaka ga yana gudu daga inda ka ajiye shi.

Inda SDR++ ya gaza shine fassara sigina na dijital, abubuwan da yake iya karantawa da kansa ba su da yawa. Nan SDRangel na Bafaranshe Edouard Griffiths ya fi shi nesa ba kusa ba, a cikinsa akwai na jiragen sama, na jiragen ruwa, na bin taurarin ɗan adam da taswira, har talabijin na dijital na masu rediyon sha'awa, kuma yana iya watsawa in na'urarka na watsawa. Matsalarsa fuskar ce, tagogi kan tagogi da ƙananan maɓallai masu gajerun haruffa da sai ka ɗora linzami a kai ka jira kafin ka san aikinsu, kuma yana son kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Ni dai bana ba sabon shiga shi. Gqrx na Alexandru Csete daga Denmak shi kuma dattijo ne a Linux, a kan GNU Radio aka gina shi, a Ubuntu layi ɗaya ne ka girka, baya da kwalliya amma baya ba da kunya, kuma yana haɗuwa da Gpredict ya riƙa gyara firikwensi da kansa lokacin da tauraro ke wucewa. CubicSDR yana nan shima amma ban ga abinda zai baka wanda SDR++ bai baka ba. SDR# kuwa da zaka gani a kusan kowane bidiyon YouTube, kyauta ne kuma yana da kyau, amma kod ɗinsa a rufe yake kuma na Windows ne, don haka baya cikin lissafin nan.

Nasan abinda da yawa daga cikinmu zasu fara nema gajeren zango ne, mu da muka tashi muna jin ana cewa a kan mita 16 da 19 da 25 da 31. Anan sai a kula, dongul na gama gari daga megahaz 24 yake farawa kuma duk waɗannan mitocin suna ƙasa da haka, mita 19 tana wajen 15.1 zuwa 15.8, mita 31 kuma 9.4 zuwa 9.9. V3 na RTL-SDR Blog yana da wata dabara ta ji kai tsaye, a SDR++ ka zaɓi Q branch, yana yi amma da inuwar tashoshi a wuraren da babu su, V4 ya fi shi tsabta a nan. Ka miƙa waya mai tsawon mita 10 zuwa 20 daga taga zuwa bishiya ko katanga, ka zaɓi AM, sai kaga mita 19 gaba ɗayanta a allo guda, duk tashar da ke magana a lokacin ga ta a tsaye, babu murɗe murɗe, da rana su 16 da 19 ke tashi da dare kuma su 49 da 41 su cika. Kuma a nan ne zaka san maƙiyanka na gaskiya, inbata, kwanturolan sola, cajar waya ta bakin titi, ƙwan fitila mai arha, har cajar laftof ɗinka kanta, kowanne yana zana layuka a jere a allon. Cire cajar laftof kawai ka gani, ƙasan hayaniyar zai sauka a gabanka. Lokacin da aka ɗauke wuta a unguwa kafin a tada janaretoci, wannan ɗan tsakanin shine mafi daɗin sauraro da zaka samu a cikin gari.

Bit 8 ɗin da nace ka riƙe, ga inda yake ciwo. In kana zaune kusa da turken wata tashar FM mai ƙarfi, dongul ɗin kurmancewa yake, kamar kana son jin raɗa a gefen injin markaɗe, sai ka riƙa jin tashar a wuraren da ba ruwanta, a zangon jirage, a zangon taurari, ko'ina. Babu manhajar da zata gyara wannan komai kyanta, lambobin sun riga sun lalace kafin su iso kwamfuta. Maganin ka rage gen, ko ka sayi ƙaramar filta mai toshe 88 zuwa 108 ka sa tsakanin eriya da dongul.

Yanzu GNU Radio. Eric Blossom ne ya faro shi a 2001 da tallafin kuɗin John Gilmore, kaga ya girmi dongul ɗin da fiye da shekara goma. Shi ba rediyo bane da zaka buɗe kaji tasha, kayan haɗa rediyo ne. Ɓangaren da zaka fi zama a ciki shine GNU Radio Companion, fili ne fari, a gefe ga ɗaruruwan akwatuna, kowanne da aikinsa ɗaya, ka jawo su ka haɗa da kibiya, sigina ta shiga ta nan ta fita ta can. Bari in nuna da rediyon FM don shi kowa ke fara ginawa. Akwatin farko na dongul ne, ka ce masa ya kawo samfur, wato lambobin nan na sigina, miliyan 2.4 a sakan. Na biyu Low Pass Filter, ya yanke maƙwabtan tashar sannan ya riƙa ɗaukar ɗaya cikin goma, saura dubu 240. Na uku WBFM Receive, shi ke ciro muryar, ya sake rabawa biyar, saura dubu 48. Na huɗu Audio Sink, wanda dama dubu 48 katin sautin kwamfuta ke so. Akwati huɗu, ka danna kunnawa, murya ta fito daga abinda kai ka jera. In lissafin bai daidaita ba zaka ji da kunnenka, muryar ta riƙa tsinkewa ko ta koma ta yara ko ta yi kauri tana ja, a ƙasan allo kuma harafin aU ya yi ta jeruwa wato katin sauti na jin yunwa, in kuma O ne ke fitowa kwamfutar ce ta kasa haɗiye abinda dongul ke zubowa. Bakin kowane akwati yana da launi, shuɗi na lambobi masu ƙafa biyu ne wato I da Q, ruwan lemo na lambobi zalla, ka haɗa shuɗi da lemo kibiyar ta zama ja ya ƙi tashi. Da farko haushi abin ke bayarwa, daga baya sai ka gane launukan nan darasi suke maka.

Wannan shine dalilin da yasa nace kar a barshi. Abubuwan da ɗalibin injiniyan lantarki ke haddacewa don jarrabawa, su Nyquist da filta da yadda ake ɗora saƙo a kan sigina, anan da ido zai gansu suna motsi, ya canza lamba ɗaya yaga hoton ya canza. Ba ma sai da dongul ba, akwai Signal Source da Noise Source, ka ƙirƙiri siginarka ka zuba mata hayaniya ka gwada ko mai karɓar da ka gina zai iya cirota, saidai in babu na'ura a jere ka tuna ka sa akwatin Throttle in ba haka ba zai cinye duk ƙarfin kwamfutar ta sandare, in kuma akwai na'ura ka cire shi. Duk abinda ka zana Python yake komawa, fayil ne da zaka iya buɗewa ka karanta ka gyara, kuma akwai Embedded Python Block inda zaka rubuta naka akwatin da numpy cikin layi kaɗan. Ga mai furojet ɗin ƙarshe a jami'a ko poli wanda bashi da kuɗin lasisin MATLAB, gaskiya ban san abinda ya kai wannan ba.

Amma laifinsa ma ba ƙarami bane, kuma babban shine yadda sigoginsa basa jituwa. Daga 3.7 zuwa 3.8 a 2019 aka koma Python 3, aka canza tsarin fayilolin akwatuna daga XML zuwa YAML, aka cire duk akwatunan WX GUI. A 3.9 aka sake canza hanyar da C++ ke magana da Python, 3.10 ya zo a 2022. Sakamakon shine rabin darussan da ke YouTube na zamanin 3.7 ne, kana bin malamin tiryan tiryan sai yace jawo WX GUI FFT Sink, kai kuma ka neme shi sama da ƙasa babu, wanda ya gaje shi QT GUI Frequency Sink ne amma ba mai gaya maka. Haka ƙarin akwatunan da mutane ke rubutawa a waje masu fara suna da gr, ka samu wanda yake daidai da buƙatarka a GitHub, kaje haɗawa cmake ya watso maka kurakurai shafi guda, ashe tun 3.7 mai shi ya tafi ya barshi. Don haka kafin ka sauke komai ka duba wace siga aka rubuta shi dominta, kuma darussan da ke wiki ɗin GNU Radio ɗin kansa su zaka bi don su ake sabuntawa. Saƙonnin kuskurensa ma ba don sabon shiga aka rubuta su ba, wani sa'in layi talatin zai baka abinda kake nema yana na ƙarshe. Komai kuma da Turanci ne, Turancin ma na masu lissafi.

Wajen girkawa, a Ubuntu yana cikin ma'ajiyarsu. A Windows da can azaba ce amma yanzu akwai Radioconda na Ryan Volz da ya tattara GNU Radio da Gqrx da direbobi a ƙunshi ɗaya, ɗaruruwan megabait ne saboda haka a jira datar dare. Akwai kuma DragonOS, Linux ne sukutum da aka riga aka zuba masa kusan duk manhajojin nan, gigabait da yawa ne amma mutum ɗaya ya sauke ya zuba a filash ya zagaya da shi cikin abokai ya fi kowa ya yi ta fama shi kaɗai. A 3.10 akwatunan Soapy na ciki tun asali, su ke magana da RTL-SDR da HackRF da sauransu, ba sai ka nemo wani abu daga waje ba.

Sai ƙananan manhajoji masu aiki ɗaya, waɗanda a ganina su suka fi saurin sa mutum ya kamu da son harkar. Na farko dump1090, Salvatore Sanfilippo ɗan Italiya wanda ya ƙirƙiro Redis shi ya fara rubuta shi, yanzu akwai rassa irin na FlightAware da readsb. Jiragen sama suna shelanta lambarsu da tsayinsu da gudunsu da inda suke a kan megahaz 1090, a fili ba ɓoye ba, dump1090 ya karanta ya zana maka su a taswira a burauza. Eriyar ma da hannu ake yi, guntun wayar tagulla milimita 69 a tsaye da wasu huɗu irinsa a ƙasa, kebul ɗin dish na RG6 da ke kowace kasuwa ya isa in bai yi tsawo da yawa ba. Ka ɗaga ta sama da rufi inda ba abinda ya tare, jirgin da ke can ƙololuwa kana iya ganinsa daga kilomita 200 ko fiye, kuma da dare akwai masu ratsa samanmu tsakanin Turai da kudancin Afirka, zaka gansu suna bin layi. Na biyu SatDump. Tsofaffin darussa duk maganar NOAA 15 da 18 da 19 suke yi a megahaz 137, toh waɗannan an yi musu ritaya a 2025, kar ka ɓata lokaci kana jiransu. Waɗanda ake kamawa yanzu a wannan zangon na Rasha ne, Meteor-M2-3 da M2-4, kuma hotonsu ma ya fi kyau don na dijital ne, wajen kilomita ɗaya a kowane ɗigo. Eriyar sanda biyu ce kowace wajen santimita 53, a buɗe su kamar harafin V a kwance da kusurwar digiri 120, tauraron ya ɗauki minti goma zuwa sha biyar yana ratsawa, SatDump ya san lokacin da zai zo ya kuma haɗa hoton da kansa, ga tafkin Chadi, ga kogin Kwara, ga hadarin damina a dunƙule ko ƙurar hunturu ta lulluɓe arewa. Akwai kuma rtl_433 mai karanta ƙananan na'urori a 433.92 irin su ma'aunin yanayi da na iskar tayar mota, a Turai allo cika yake, a wurarenmu sai kayi haƙuri.

Wani da ya dace damu sosai kuma ba a cika maganarsa ba shine QO-100. Tauraron Katar ne Es'hail-2, an harba shi a ƙarshen 2018, yana tsaye wuri ɗaya a digiri 25.9 gabas dab da taurarin Badr na Arabsat, kuma yana ɗauke da sashen masu rediyon sha'awa da ya rufe Afirka gaba ɗaya, daga Brazil har kusan Tailan. Yana saukowa a wajen gigahaz 10.489, dongul bazai kai can ba amma LNB ɗin dish na gida yana rage megahaz 9750 daga ciki, sai ya dawo wajen megahaz 739 inda dongul ke ji lafiya lau. Wato duk mai saita dish ya riga ya iya rabin aikin. LNB ɗin na son wajen bolt 13, abinda dongul ke bayarwa 4.5 ne bai isa ba, sai a bar tsohuwar risiba ta ciyar dashi a raba siginar ta hanyar da wutar bazata shiga dongul ba. Ka zaɓi USB a SDR++, wanda ke jerin su AM da WFM ba bakin kwamfuta ba, kaji mutane daga ƙasashe daban daban suna gaisawa dare da rana.

Tambayar da ba a taɓa fashin yi min ita ce ko ana jin wayar mutane da shi. A'a, kiran salula a kulle yake, kuma ko ƙoƙarin ma laifi ne. Ita kuma maganar watsawa, dongul ji kawai yake. HackRF One na Michael Ossmann shi ke watsawa, daga megahaz 1 zuwa gigahaz 6, faɗin megahaz 20, wajen dala 300, amma shima bit 8 ne kuma wajen ji bai fi dongul mai kyau ba a zangon da suka haɗu, don haka wanda sauraro yake so kuɗin nan gara ya zuba su a eriya da filta da kebul. ADALM-Pluto na Analog Devices mai bit 12 ya fi dacewa da ɗalibi mai son gwada turawa da karɓa a GNU Radio, a haɗa bakin turawa da na karɓa da kebul da abin rage ƙarfi a tsakani ba sai an saki komai a iska ba. Watsawa a iska sai da lasisi, a Najeriya alamar kiran masu rediyon sha'awa da 5N take farawa a Nijar kuma 5U. Kuma da halin tsaron da ake ciki, kar wani ya ɗauki laftof da eriya mai ƙahoni ya je ya tsaya kusa da filin jirgi ko bariki wai yana gwaji, kayi abinka a gida, in maƙwabta sun tambaya ka kira su ka nuna musu taswirar jiragen.

In zaka naɗi ɗanyen sigina don ka yi ta gwaji a kanta daga baya, wanda hanya ce mai kyau ta koyon GNU Radio ko ba ka da dongul sai na aro, ka duba sauran wurin da ke diskinka tukuna. Da rtl_sdr a miliyan 2.4 megabait 4.8 yake ci a sakan, kusan 290 a minti. Ta File Sink na GNU Radio kuwa kowane samfur bait 8 ne, megabait 19 da ɗoriya a sakan, minti ɗaya ya haura gigabait guda, saboda haka ka sa filta ka rage samfur ɗin kafin akwatin ajiyar ba bayansa ba.